Yadda Masana Ke Binciken Sashen Ciki na Kewayen Maganadisun Duniya: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi wani yanki na sararin samaniya wanda ido ba ya gani, alhali a cikinsa ne galibin taurarin ɗan'adam na sadarwa da na nuna hanya suke aiki. An tattara su ne domin mai karatun da ke son sanin yadda ake auna abin da ke gudana a can, da yadda masana ke tabbatar da cewa abin da na'ura ta nuna shi ne ainihin abin da ya faru.

Wane yanki ne ake kira sashen ciki na magnetosfiya?

Ƙarfin maganadisun da ke juya allurar kamfas yana fitowa ne daga narkakken ƙarfen da ke motsi a can cikin Duniya, kuma yana miƙewa zuwa sararin samaniya. Yankin da wannan ƙarfi ke da rinjaye a cikinsa shi ake kira magnetosfiya. Ta gefen da ke fuskantar Rana, iskar Rana, wato ƙwayoyi masu cajin lantarki da Rana ke fesowa da gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya, tana matse shi har iyakarsa ta tsaya a wajen kilomita 64,000 daga tsakiyar Duniya. Ta gefen dare kuwa sai ya ja doguwar wutsiya wadda ta wuce falakin Wata nesa ba kusa ba.

Sashen ciki shi ne wanda ya taso daga saman sararin iskarmu zuwa wajen falakin taurarin ɗan'adam masu tsayuwa a kan wuri ɗaya, a tsayin kilomita 35,786. Masana kan auna nisa a nan da rabin faɗin Duniya, wato kilomita 6,371, don haka falakin nan yana kan ninki 6.6 daga tsakiya. A wannan sashe layukan maganadisu a rufe suke: kowane layi ya fito daga kudu, ya lanƙwasa ta saman ikwaita, ya sake shiga ƙasa a arewa. Wannan rufewa ce ke sa ƙwayoyi su maƙale a ciki na tsawon kwanaki, wasu ma na tsawon shekaru.

Me ke cikin yankin?

Rukunin ƙwayoyi uku ne suke zaune a wuri guda, kuma abin da ya bambanta su shi ne ƙarfin kowace ƙwaya, wanda ake aunawa da ma'aunin elektaron-bolt.

Na farko shi ne filazmasfiya, tarin ƙwayoyi masu sanyi da suka taso daga saman sararin iska, masu ƙarfin kusan elektaron-bolt ɗaya kacal, amma su ne mafi yawa, kuma suna juyawa tare da Duniya. Na biyu shi ne zoben lantarki, wanda akasarinsa furoton ne da ayon na oksijin (ƙwayoyinsa masu cajin lantarki) masu ƙarfin dubu goma zuwa ɗaruruwan dubbai, kuma shi ke ɗauke da mafi yawan kuzarin yankin. Na uku su ne ɗamarun Van Allen guda biyu, masu siffar gammo, ƙaramar a cikin babbar, Duniya a tsakiya. Ta ciki tana cike da furoton masu ƙarfin miliyoyi barkatai kuma ba ta cika sauyawa ba, ta waje kuwa ta elektaron ce masu gudun da ya kusa na haske, kuma tana iya kumbura ko ta sace cikin yini ɗaya. Tsakaninsu akwai wani rata da yawanci babu ƙwayoyi masu ƙarfi sosai a cikinsa.

Abin da ya sa binciken ke da wuya shi ne rukunan uku sun dogara da juna. Zoben lantarki yana haifar da igiyoyin lantarki da maganadisu, yawan ƙwayoyin filazmasfiya shi ke ƙayyade inda igiyoyin za su bi, igiyoyin kuma su ke ƙara wa elektaron na ɗamarar waje ƙarfi ko su zubar da su. Duk wanda ya auna rukuni ɗaya ya bar biyu ba zai gane dalilin abin da ya gani ba.

Yaya aka fara gano ɗamarun?

A ranar 31 ga Janairun 1958 Amurka ta harba tauraronta na farko, Explorer 1, ɗauke da na'urar Geiger mai ƙirga ƙwayoyi, wadda James Van Allen da ɗalibansa suka haɗa a Jami'ar Iowa. Idan tauraron yana ƙasa-ƙasa na'urar kan ƙirga adadin da ake tsammani, amma da ya yi sama sai ƙirgen ya koma sifiri. Babu wata hujja da za ta sa ƙwayoyi su ƙare ƙaf a sama, don haka aka shiga ruɗani. Explorer 3, wanda aka harba a watan Maris na shekarar, yana da faifan naɗar bayanai da George Ludwig ya ƙera, shi ya sa aka ga zagaye cikakke: ƙirge ya yi ta hawa da sauri, ya kai ƙololuwa, sannan ya faɗi sifiri, can kuma ya dawo ta hanyar da ya tafi. Da aka haska irin na'urar da hasken eksire mai ƙarfi a ɗakin gwaji, sai ita ma ta yi shiru. Ashe ƙwayoyin ne suka yi mata yawa har ta kasa rarrabe ɗaya daga ɗaya. Van Allen ya sanar da sakamakon a ranar 1 ga Mayu, kuma a watan Disamba kumbon Pioneer 3 ya nuna cewa akwai ɗamara ta biyu a can waje.

Wannan labari yana da muhimmanci ga fagen har yau, domin tambayar farko da ake yi wa kowane sabon awo ita ce ko na'urar ce ta cika, ko kuwa wasu ƙwayoyi masu ƙarfi ne suka huda garkuwarta suka shigo ta bayan fage aka ƙirga su bisa kuskure.

Ta yaya ƙwayoyin ke tafiya, kuma me ya haɗa hakan da aikin awo?

Kowace ƙwaya da ta maƙale tana yin motsi iri uku a lokaci guda. Tana kewaya layin maganadisu, kuma elektaron mai ƙarfin elektaron-bolt miliyan ɗaya a ɗamarar waje yana yin wannan kewaye sau dubbai a daƙiƙa. Tana kai da komowa tsakanin arewa da kudu a kan layin, domin ƙarfin maganadisu yana ƙaruwa kusa da Duniya har ya mayar da ita baya, kuma wannan ba ya ɗaukar daƙiƙa guda. Sannan tana gangarawa a hankali tana zagaya Duniya, cikin kusan minti goma zuwa goma sha biyar ga irin wannan elektaron. Elektaron gabas suke yi, ayon kuma yamma, kuma wannan rabuwa ce ke samar da zoben lantarki.

A 1961 Carl McIlwain ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira L, wanda a taƙaice yake nuna nisan da layin maganadisu ya ratsa ikwaita da shi, bisa ninkin rabin faɗin Duniya. Da wannan ma'auni ana iya haɗa awon tauraron da ke shawagi ƙasa-ƙasa ta saman Kanada da na wani da ke nesa a saman ikwaita, tun da layi ɗaya suke kai. Ratar da ke tsakanin ɗamarun tana tsakanin L 2 da 3, tsakiyar ɗamarar waje kuma wajen 4 zuwa 5.

Amfanin sanin motsin uku shi ne kowannensu yana da wani adadi da ba ya canzawa matuƙar filin maganadisu a hankali yake sauyawa. Idan masani ya ga adadin ya canza, ya san akwai wata igiya ko girgiza mai saurin da ya yi daidai da ɗaya daga cikin motsin, ta nan kuma yake fara neman mai laifi.

Me ke tayar da yankin?

Rana ce. James Dungey ya bayyana a 1961 cewa idan maganadisun da iskar Rana ke ɗauke da shi ya karkata kudu, yana haɗewa da na Duniya, kuzari ya kwararo ciki, ƙwayoyi daga wutsiya su turo zuwa sashen ciki. Idan hakan ya daɗe sa'o'i, sai a sami guguwar maganadisu. Kumbuna irin su Wind da ACE suna zaune a nisan kilomita miliyan 1.5 ta wajen Rana suna auna iskar kafin ta iso, abin da ke ba da gargaɗin da bai cika wuce sa'a ɗaya ba.

Me ya sa kumbo ɗaya ba ya isa?

Kumbo yana auna wurin da yake ne kawai, kuma a guje yake. Idan na'urarsa ta nuna elektaron sun ninka sau ɗari cikin minti ashirin, fassara biyu ce: ko dai sun ƙaru a ko'ina a wannan lokaci, ko kuwa dama suna nan, shi ne ya shigo inda suke. Awo ɗaya ba zai raba gardamar ba. Tauraron CRRES ya yi sa'a a ranar 24 ga Maris 1991, yana daidai wurin lokacin da wata girgiza daga Rana ta haifar da sabuwar ɗamara a cikin ratar a ɗan lokacin da bai wuce 'yan mintoci ba, ɗamarar da ta daɗe shekaru kafin ta gushe. Amma ba a gina ilimi a kan sa'a.

Wannan ne ya sa hukumar NASA ta harba tagwayen kumbuna, Van Allen Probes, a ranar 30 ga Agusta 2012 daga Cape Canaveral. Falakinsu mai tsawo ne, yana saukowa zuwa wajen kilomita 600 ya kuma hau zuwa kusan kilomita 30,000, suna kammala zagaye cikin sa'o'i tara, don haka kowannensu yana keta ɗamarun sau da dama a yini. An sa gudunsu ya ɗan bambanta da gangan, ta yadda wani lokaci suna dab da juna, wani lokaci kuma suna gefe daban-daban na Duniya. Idan na gaba ya ga wani abu, na baya ya zo bayan sa'a ɗaya ya tarar da shi yadda yake, to siffar wuri ce. Idan ya tarar ya canza, to sauyin lokaci ne.

Kowane kumbo yana juyi sau biyar a minti domin na'urorinsa su leƙa kowace kusurwa, yana da wayoyin eriya da tsawonsu ya kai mita 100 daga baki zuwa baki domin auna filin lantarki, da ma'aunin maganadisu a kan sanda nesa da jikinsa, da na'urori masu rarrabe ƙwayoyi bisa nauyi da ƙarfi. Ƙwayoyin filazmasfiya masu sanyi su ne mafi wuyar kamawa, domin jikin kumbon kansa yana ɗaukar caji ya kore su. Dabarar da ake yi ita ce a saurari wata igiya da filazmar, wato tarin ƙwayoyin nan masu caji, ke yi da kanta, wadda amonta ke hawa idan ƙwayoyi sun yi yawa, sai a lissafo yawansu daga amon.

An tsara aikin na shekara biyu, ya yi bakwai. Tun a kwanakin farko na Satumbar 2012 na'urar REPT, wadda Daniel Baker na Jami'ar Colorado ya jagoranta, ta ga ɗamarar waje ta rabu biyu, aka sami ɗamara ta uku, wadda ta zauna kusan mako huɗu kafin wata girgiza ta share ta a farkon Oktoba.

Ta yaya aka gane inda elektaron ke samun ƙarfinsu?

Shekaru da yawa ana muhawara tsakanin ra'ayi biyu. Na farko ya ce elektaron daga nesa suke zuwa, igiyoyi masu jinkirin kaɗawa suna tura su ciki sannu a hankali, suna ƙara ƙarfi yayin da suke shiga inda maganadisu ya fi tsanani. Na biyu ya ce a tsakiyar ɗamarar suke samun ƙarfin, daga igiyoyin da ake kira korus, waɗanda idan aka mayar da su sauti suke kama da kukan tsuntsaye da asuba.

Ƙirgen da na'ura ke bayarwa kai tsaye ba zai raba wannan ba, har ma yana iya yaudara. Idan zoben lantarki ya yi ƙarfi yana raunana maganadisu, elektaron su matsa waje su rage ƙarfi, sai ƙirge ya faɗi kamar sun ɓace, da guguwar ta lafa kuma su dawo yadda suke. Saboda haka masana ke juya ƙirgen zuwa wani ma'auni na cunkoson ƙwayoyi wanda aka ɗaure da adadin nan uku marasa canzawa, domin a cire sauyin da ke komawa da kansa a bar na haƙiƙa. Daga nan hujjar a fili take. Idan daga waje suke zuwa, cunkoson zai fi yawa a waje ya yi ta raguwa zuwa ciki. Idan a tsakiya ake ƙera su, za a ga tudu yana tasowa a tsakiya, waje da ciki duka suna ƙasa da shi.

A guguwar 8 zuwa 9 ga Oktoba 2012 tagwayen kumbunan sun ga tudun yana tasowa a wajen L 4, zagaye bayan zagaye. Geoffrey Reeves na ɗakin bincike na Los Alamos da abokan aikinsa suka wallafa wannan a 2013, Richard Thorne na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles kuma ya nuna da lissafi cewa igiyoyin korus da aka auna sun isa su yi aikin. Wannan, a ganina, shi ne misali mafi kyau na yadda fagen ke aiki: an faɗi tun da wuri abin da kowane ra'ayi zai haifar, sannan aka ƙera na'urar da za ta iya ganin bambancin. Hakan bai soke ra'ayin farko ba, domin a wasu guguwowin turawa daga waje ce ke rinjaye, a wasu kuma hanyoyin biyu ne ke aiki bi da bi.

Idan elektaron suka ɓace da gaske, ina suke zuwa?

Hanya biyu ce. Idan iskar Rana ta matse iyakar magnetosfiya sosai, elektaron da ke zagaye a waje-waje sukan ci karo da iyakar su fice gaba ɗaya. Ko kuma igiyoyi su karkatar da tafiyarsu har su daina juyowa, su faɗa cikin sararin iska. Domin auna ta biyun, shirin BARREL, ƙarƙashin Robyn Millan ta Kwalejin Dartmouth, ya saki balan-balan 40 daga tashoshin Halley da SANAE a Antaktika a 2013 da 2014. Suna shawagi a tsayin wajen kilomita 30 ko fiye, suna kama hasken eksire da elektaron ke fitarwa idan sun bugi iska, a daidai lokacin da kumbunan ke auna igiyoyi a can saman layin maganadisun.

Kumbon Arase na Japan, wanda aka harba a Disambar 2016, ya ƙara hujja mai ƙarfi. A watan Maris 2017 ya ga elektaron suna karkata zuwa ƙasa duk lokacin da igiyar korus ta taso, a gindin layin kuma kyamarori a Kanada suna ganin hasken orora, wato hasken da ke bayyana a sama da dare kusa da ƙarshen Duniya, yana kunnuwa yana mutuwa.

Ana iya ɗaukar hoton yankin gaba ɗaya?

Ana iya ɗaukar hoton rukuni biyu daga cikin ukun. Kumbon IMAGE, wanda aka harba a Maris 2000 ya yi aiki har zuwa 2005, a lokacin yana hawa can saman ƙarshen Duniya na arewa ya leƙo ƙasa. Ayon na hiliyom da ke cikin filazmasfiya suna warwatsa wani hasken Rana mai tsawon zango nanomita 30.4, don haka kyamarar da ke ganin wannan haske tana fitar da hoton filazmasfiya duk minti goma. A karon farko aka ga yadda guguwa ke ɓare bayanta, tana jan wani dogon reshe zuwa wajen Rana.

Zoben lantarki kuwa da wata dabara ake ganinsa. Ayon mai gudu yakan ƙwace elektaron daga ƙwayar haidurojin da ke yawo a kewayen Duniya, sai ya rasa cajinsa, maganadisu ya sake shi, ya miƙe santal kamar haske. Na'urar da ke nesa tana kama irin waɗannan ƙwayoyi ta gane inda suka fito. Wannan ƙwace shi ne kuma babbar hanyar da zoben ke lafawa bayan guguwa.

Me ake iya aunawa daga doron ƙasa?

Abu mai yawa, kuma tun kafin zamanin kumbuna. Zoben lantarki yana rage ƙarfin maganadisu a doron ƙasa, kuma ma'aunin Dst, wanda cibiyar bayanai ta Kyoto ke fitarwa duk sa'a, yana auna wannan ragi daga tashoshi huɗu: Honolulu, San Juan, Hermanus a Afirka ta Kudu, da Kakioka a Japan. A guguwar Maris 1989, wadda ta kashe wutar lardin Quebec da ke Kanada na tsawon sa'o'i tara, ya kai nanotesla (ma'aunin ƙarfin maganadisu) 589 ƙasa da sifiri. A ta Mayun 2024 ya kai wajen 400. Idan aka tuna cewa ƙarfin maganadisu kusa da ikwaita wajen nanotesla 30,000 ne, za a ga irin natsuwar da awon ke buƙata.

Walƙiya ma ma'aikaciya ce a wannan fage. Wani ɓangare na igiyar rediyon da take fitarwa yana bin layin maganadisu ya fita sararin samaniya ya sauko a ɗaya gefen Duniya, kuma da yake amo mai tsini yana riga mai kauri isowa, ana jin sa kamar fito mai gangarowa. Owen Storey ya fassara wannan a Cambridge a 1953, ya nuna cewa dole akwai filazma mai yawa a can sama. Daga tsawon fiton ake lissafa yawan ƙwayoyin da ke kan hanya, kuma da haka ne Donald Carpenter ya gano a 1963 cewa filazmasfiya tana da gaɓa inda yawan ƙwayoyi ke faɗuwa kwatsam, abin da ya dace da awon da Konstantin Gringauz ya yi da kumbunan Luna na Tarayyar Sobiyet. Daga baya Robert Helliwell na Jami'ar Stanford ya kafa tashar watsa irin waɗannan igiyoyi a Siple da ke Antaktika, yana aika su da gangan ana karɓa a Quebec, domin a ga yadda magnetosfiya ke ƙara musu ƙarfi.

Akwai abin da ya shafi Afirka ta Yamma a cikin wannan bincike?

Akwai. Ikwaitar maganadisu ta ratsa Najeriya, kuma a samanta, a tsayin wajen kilomita 100, wani siririn kogin lantarki yana gudana gabas da rana. Saboda shi ne ma aka kauce wa ikwaitar wajen zaɓen tashoshin Dst, domin kada ya gurɓata awon zoben. Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya da nazarin wannan kogi tun yana Ibadan, kuma shirin MAGDAS na Jami'ar Kyushu ya kafa ma'aunan maganadisu a Ilorin da Legas da Abuja. Alaƙar ita ce lokacin guguwa filin lantarki daga magnetosfiya yakan kutso har ikwaita, ya sauya kogin, ya kuma tayar da hargitsi a saman sararin iska wanda ke dagula saƙon GPS, ma'aunan yankin kuwa su ke nuna lokacin da kutsen ya faru. Ban da haka, tauraron NigComSat-1R, da aka harba a Disambar 2011, yana zaune ne a falakin nan na kilomita 35,786, a gefen ɗamarar waje.

Wane aiki kwamfuta ke yi?

Tana cike gurbin da babu kumbo, wato kusan ko'ina. Manhajojin kwaikwayo iri-iri ne. Wasu suna ɗaukar magnetosfiya gaba ɗaya a matsayin abu mai kwarara, kamar tsarin SWMF na Jami'ar Michigan wanda cibiyar hasashen yanayin samaniya ta NOAA da ke Boulder ke amfani da shi. Wasu suna bin zoben lantarki, kamar manhajar Jami'ar Rice. Wasu kuma, irin su Salammbô ta Faransa da VERB da ta hukumar binciken Antaktika ta Birtaniya, suna lissafa yadda igiyoyi ke watsa elektaron na ɗamara a hankali. Ana kuma cusa awon kumbuna cikin lissafin yana tafiya, kamar yadda masu hasashen ruwan sama ke yi, domin ya riƙa gyara kansa.

Gwajin manhaja shi ne a ba ƙungiyoyi daban-daban guguwa ɗaya, kamar ta 17 ga Maris 2013 ko ta 17 ga Maris 2015, kowa ya fitar da nasa, a gwada da abin da aka auna. Raunin da aka fi samu shi ne manhajojin ɗamara suna amfani da matsakaicin ƙarfin igiyoyi na shekaru, alhali igiyoyin wata guguwa na iya bambanta da matsakaicin nesa, sannan lissafin L kansa ya dogara da taswirar maganadisu, irin waɗanda Nikolai Tsyganenko ya tsara, taswirar kuma ta fi kuskure a daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Me ya sa hasashe ke da wuya har yanzu?

A 2003 Reeves da abokan aikinsa sun duba guguwa 276 daga 1989 zuwa 2000. A kashi 53 cikin ɗari elektaron masu ƙarfi sun ƙaru bayan guguwar, a kashi 19 sun ragu, a kashi 28 kuma ba a ga wani sauyi na a zo a gani ba, kuma girman guguwar bai nuna wanne zai faru ba. Dalili shi ne ƙari da asara duka suna tsananta a lokaci ɗaya, sakamakon kuma ɗan bambancin da ke tsakanin manyan adadi biyu ne. Ƙaramin kuskure a ɗayansu ya isa ya juya amsar.

Ɗan'adam ya taɓa sauya yankin da hannunsa?

Ya taɓa. A ranar 9 ga Yuli 1962 Amurka ta fasa bam ɗin nukiliya mai ƙarfin megatan 1.4 a tsayin kilomita 400 kusa da tsibirin Johnston, gwajin da ake kira Starfish Prime. Elektaron da ya saki sun kafa ɗamara ta wucin gadi wadda ta lalata taurari da dama, ciki har da Telstar 1 da aka harba washegari, kuma an shafe shekaru ana auna yadda take raguwa. Yarjejeniyar 1963 ta haramta irin wannan gwaji a samaniya.

Wa ke amfana da sakamakon?

Masu ƙera taurarin ɗan'adam da masu gudanar da su. Elektaron mai ƙarfin miliyan yana huda bangon tauraro ya maƙale cikin robar wayoyi, caji ya taru kwana da kwanaki, sannan ya yi tartsatsi cikin na'ura. Haka ta faru da taurarin Anik E1 da E2 na Kanada a Janairun 1994, aka sami katsewar talabijin da tarho a sassan ƙasar. Taurarin GPS, a tsayin kilomita 20,200, suna ratsa tsakiyar ɗamarar waje kullum. A saman kudancin tekun Atilantika, inda maganadisu ya yi rauni, ɗamarar ciki tana saukowa ƙasa sosai, har ana dakatar da wasu na'urorin madubin hangen nesa na Hubble idan zai wuce ta wurin. Injiniyoyi suna amfani da taswirorin AE9 da AP9 wajen yanke kaurin garkuwar da za su sa, kuma kowane kilo na garkuwa kuɗi ne a wurin harbawa.

Tun da Van Allen Probes sun daina aiki a 2019, wa ke sa ido yanzu?

Arase ya ci gaba da keta ɗamarun bayansu, kumbunan THEMIS da MMS suna auna gefen waje, taurarin GOES suna ba da ƙirge daga falaki mai tsayuwa, sannan a 2017 Amurka ta saki bayanan na'urorin ƙirga ƙwayoyi da ke jikin taurarin GPS na shekaru da dama. Ƙananan taurari ma sun shigo fagen. CIRBE, wanda Jami'ar Colorado ta ƙera, girmansa bai wuce abin da mutum zai rungume da hannu ɗaya ba, ya yi shiru a Afrilun 2024 saboda matsalar na'ura, guguwar Mayu ta wuce ba ya aiki, da ya farfaɗo a watan Yuni kuma sai ya tarar da sababbin ɗamaru biyu tsakanin na dindindin, ɗaya ta elektaron wadda ta wuce wata uku, ɗaya kuma mai ɗauke da furoton. An ga ɗamarun bayan sun kafu, amma sa'o'in da suka kafu a ciki sun wuce ba tare da tagwayen kumbuna masu cikakkun na'urori a wurin ba, kuma wannan gurbi ne masana da dama ke kira da a cike da rukunin kumbuna masu yawa kafin wata babbar guguwa ta sake zuwa.